Mai Shuka Takalma a Malali

Wai a Malali akwai matar da ke shuka takalma a tukunya, har suna haihuwa. Ƙarya ake mata, amma kaɗan. Fure ne, okid, mai leɓe kamar takalmin jariri. Matar kuwa Juwairiyya ce, ma'aikaciyar gwamnatin da ba ta rusuna wa darakta, amma kullum tana durƙushe gaban tukwane.

Ga ta ƙarƙashin rumfar raga, tabarau a karan hanci, ta riƙe numfashi. Da tsinken sakace take lakato garin wannan fure ta shafa wa wancan. Yau irin da ta haɗa da hannunta ya buɗe karon farko, bayan 'yan'uwansa duk sun ruɓe. Kore ne mai ɗigon ja, babu kamarsa duk Kaduna.

Taubashinta Datti ya leƙo. "Hajiya, a miya ake sa shi, ko a ƙafa?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Shekara bakwai na yi jiransa, ga fure. Kai shekara arba'in muna ba ka ruwa, ko ganye ba mu gani ba."