Rubutun Yaya Sani a takardar kilishi

Jama'a, ku ji ikon Allah! Ɗazu na sayi kilishi a kasuwa. Ina buɗe ƙunshin sai ga shafin littafin kaset ɗin wasanmu na yarinta, har da zanen manet, abin dannawan nan na wasan bidiyo! A gefe ga rubutun marigayi Yaya Sani da jan bik, yana fassara mana Faransancin: "Danna nan ka yi tsalle."

Na koma wurin mai kilishin a guje. "Malam, ina ka samo takardar nan?"

Ya ce, "Wata tsohuwa daga Birni ta kawo buhu guda."

Innarmu ce, ta share ɗaki!

Muka zazzage buhun, muka tsinto bangon littafin. A ciki Yaya ya rubuta mini, tun yana ɗan makaranta: "Habu, kada ka taɓa sai na dawo daga lakwal."

Wallahi sai da na janye hannuna.