Tasar Goro da Kujerar Kumasi

Ban sani ba ko ka taɓa tsayawa kusa da mai goro a lokacin da yake kwance sabon huhu. Akwai wani ƙamshi da ke tashi daga ganyen da aka naɗe goron da shi, ɗanye, mai sanyi, kamar ƙasar da aka yayyafa wa ruwa. Ni dai duk inda na shaƙe shi, ko a tsakiyar kasuwa ne, sai in ga kaina a zauren gidanmu na Birnin Ƙonni ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, kakata na zaune bisa tabarma da tasarta ta tagulla a gabanta, tana yayyafa wa goro ruwa tana yi mini tsiya.

Mahaifiyar babana ce, kuma sunanta aka sa mini, don haka ba ta kirana sai da “takwara”. Tun kafin a haife ni take sayar da goro a zauren nan. Da ta ɗauki ƙwara ta juya ta a hannu za ta faɗa maka ko sabo ne ko ɗaushe. Amma ka ji abin mamaki, matar nan da haƙoranta suka yi ja da goro ba ta taɓa ganin itacensa ba. Mahaifinta bafatake ne, da jakuna yake zuwa Gwanja yana kawo goro, kuma ya sha yi musu alkawari, ita da wanta, cewa wata rana zai kai su su ga inda abin yake tsirowa. Bai kai su ba har Allah ya yi masa rasuwa. Abin da ya bari shi ne tasar nan ta tagulla.

Babana direba ne. Yana tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, yana ɗaukar albasa daga Galmi zuwa Kumasi. A ranin shekarar da nake ba ka labari, an cire albasa, zafi ya fara, mu kuma hutun lakwal ya matso. Wata la'asar ya dawo gida ya zauna bakin tabarmar Kaka ya ce tafiyar da zai yi nan gaba sai ya yi mako guda a Kumasi yana jiran lodin dawowa, kuma gaban mota yana ɗaukar mutum biyu bayan shi.

“Inna, ki shirya. Ke da takwararki.”

Wayyo, ranar nan! Na yi tsalle har na ture butar alwala. Kaka kuwa sai ta ɗauki goro ɗaya ta fasa, ta daɗe tana kallonsa.

Daga nan gidanmu ya koma gidan shiri. Kullum bayan la'asar Baba zai ɗauki tsinke ya zana mana hanya a ƙasa, nan Dosso, nan Yamai, nan Burkina, nan Tamale, can ƙasa kusa da ƙafar Kaka kuma Kumasi. Sai ya shiga raba mana makon. Ya ce akwai kasuwar da in ka shiga da safe ba ka ganin ƙarshenta sai ka gaji. Akwai fadar sarkin Tonawa, mutanen ƙasar, akwai masaƙa masu saƙa zane kala-kala, akwai wani tafki zagaye da duwatsu, ga kuma Zango inda za mu sauka, inda Hausa kawai ake yi. Ni duk wanda ya faɗa sai in ce shi za mu fara gani. Kaka kuwa amsarta ɗaya ce.

“Duk wanga bayan goro ne. A kai ni gindin iccen tukuna.”

Muka je buro aka yi mata katin shaida, ta yi faɗa da mai hoto don ya ce ta ɗaga kallabi. Muka je likita aka yi mana allurar tafiya, ni na yi kuka, ita ta yi mini dariya, da aka zo kanta ta rufe ido tana salati. Mamana ta daka ƙuli-ƙuli, ta soya dambun nama. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta kawo cuku ta ce na hanya ne. Maƙwabta kuwa kada ka tambaya. Wannan atamfa take so, wancan man zafi, wata ta ce ko ƙasar wurin ce a ɗebo mata. Kaka ba ta ce wa kowa a'a ba. Ni ma a lakwal na cika wa 'yan ajinmu baki, har mushe, malaminmu, ya sa na nuna Gana a taswira.

Amma akwai abu ɗaya da Kaka ba ta wasa da shi. A wurinta ba a yin tafiya mai nisa sai an bi 'yan uwa gida-gida an yi sallama, an nemi gafara. Tana cewa hanya ba ta da tabbas, kada mutum ya fita da haƙƙin wani a wuyansa. Na sha jin tana yi wa samarin da ke tafiya cin rani faɗa don sun sulale ba su sallami kowa ba. To yanzu abin ya zo kanta.

Ta gama da Ƙonni, unguwa-unguwa. Sannan muka shiga motar kasuwa ni da ita muka je Dogarawa wurin 'yar ƙanwarta, muka kwana. Muka wuce Badaguishiri wurin dangin marigayi mijinta, aka cika mana buhu da tumatir busasshe. Ko'ina maganar ɗaya ce, “Ku yahe mini,” su ce, “Ba ki yi muna komi ba, Allah shi kiyaye hanya.” A hanyar zuwa da ta dawowa duka mun wuce mararrabar Tajaye. Duka biyun Kaka ta juya kanta ɗaya gefen tana kallon gonaki kamar ba ta taɓa ganin kara ba.

A Tajaye wanta yake, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun ina goye ba su yi magana ba. Dalilin kuwa tasar nan ce. Da mahaifiyarsu ta rasu aka zo rabon kaya, Kaka ta ɗauke tasar ba ta tambayi kowa ba, ta ce ita ce mai sana'ar goro. Shi kuma ya ce shi ne babba. Magana ta yi zafi, aka faɗi abin da bai kamata ba, kowa ya kama gabansa. Babana ya yi ta kai da kawo har ya gaji ya bari.

Ana gobe lodi, Baba ya dawo daga Galmi ya ce jibi da hantsi mota za ta biyo ta Ƙonni ta ɗauke mu, kuma albasa ba ta jira, in ta kwana cikin zafi ruɓewa take. Kaka ta gyara zama ta ce, “Na fasa.”

Kowa ya san dalili, ba kuma mai iya faɗa. Baba ɗanta ne, ba ya iya kallon idonta ya yi mata wannan magana. Mamana suruka ce, ina ita ina buɗe baki. Ni kaɗai ce jika, mai lasisin faɗin abin da na ga dama, kuma kujerata nake gani tana tafiya. Na tsaya gabanta hawaye na zuba na ce, “Wallahi Kaka tsoro kike ji! Kin bi duniya duka kin ce a yahe miki, tsoho ɗaya ya gagare ki.”

Mamana ta yi wuf za ta kama ni. Kaka ta ɗaga mata hannu. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa ta ce, “Ji mini 'yar banza. Ni ce matsoraciya?” Amma da gari ya waye na tarar ta goge tasar da toka har tana ƙyalli, ta zuba manyan goro farare a ciki, ta ɗaure da zane. Ta ce in sa takalmina.

A Tajaye mun sami tsohon a ƙarƙashin rumfar kara a ƙofar gidansa yana tufka igiya. Dogo ne siriri, hancinsu iri ɗaya da Kaka. Ta yi sallama, ya amsa yana kallon igiyarsa. Ta zauna a ɗaya bakin tabarmar, ta zaunar da ni a tsakiya. Tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba, amma sai ta ce mini, “Takwara, ce mishi na zo sallama, za ni tahiya.”

Na faɗa masa. Ya ce, “Ce mata na ji.”

“Ce mishi ga kayanshi na kawo.”

Ta kwance zanen ta tura tasar gabana, na tura gabansa. Sai a lokacin ya ajiye igiyar. Ya shafa bakin tasar da yatsa, daidai inda ta lotsa, ya ce, ba da ni yake ba kuma, “Nan jakin Babanmu ya taka ta.” Ya ɗauki goro ɗaya ya fasa biyu. Na miƙa hannu don na saba aikina, sai ya tsallake ni ya miƙa mata da kansa.

Kaka ta karɓa. Ta ce, “Yaya, ka yahe mini.”

“Ke ma ki yahe mini. Tasa ce ta dame ni? Cewa na yi ki tambaye ni, in ba ki ita da hannuna.”

Suka yi ta kuka su biyu, tsofaffi da furfura, ni ma na kama ba tare da na san na mene ne ba. Da suka lafa ya share ido ya ce, “To ina za ki?” Kamar bai sani ba! Matar ɗansa da ke leƙe daga zaure ta fashe da dariya ta ce tun ranar da labari ya zo daga kasuwar Badaguishiri yake zama a rumfar nan yana fuskantar hanya, har rigarsa ta sallah ya sa an wanke.

Kaka ta ce, “Kumasi. Za ni in ga iccen.”

Ya dubi goron da ke hannunsa. Can ya ce, “Mu biyu Babanmu ya ce za shi kai.”

Na iya lissafi, gaban mota mutum biyu yake ɗauka. Kaka ta juyo ta kalle ni, shi ma ya kalle ni. Ba zan yi maka ƙarya in ce na bar kujerar da daɗin rai ba. Na kwanta a ƙasa na yi ta birgima, ina cewa ni aka yi wa allura, ni na nuna Gana a taswira. Tsohon ya bari na gaji, sannan ya gyara hula kamar mai ciniki a kasuwar dabbobi ya ce, “Amarya, tashi mu yi magana. Ba kyauta nike so ba, saye za ni yi.” Ya juye goron a hularsa, ya ɗora mini tasar a cinya.

Kaka ta buɗe baki. Ya ce, “A'a, tawa ce, ke kika kawo mini yanzu.” Ta dube shi, ta dube ni, sai ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Ban taɓa ganin ta yi irin wannan dariyar ba.

Da katinsa na cin rani a aljihu ya biyo mu, Baba ya ruga da shi likita aka yi masa tasa allurar. Washegari da hantsi na tsaya a bakin titi rungume da tasa, kamiyo ya tsaya yana warin albasa, aka tura tsofaffin nan biyu sama da ƙyar. Tun motar ba ta tashi ba suka fara gardamar wanda zai zauna bakin taga.

Baba ya ce haka suka yi har Kumasi, haka suka yi har suka dawo. Sun ga kasuwar, sun ga fadar, sun ga masaƙan da tafkin, amma Kaka ba ta ba ni labarin ko ɗaya da kyau ba. Na goron kawai take maimaitawa. Ta ce itace ne kamar na mangwaro, mai duhun ganye, goron kuma a cikin kwanso yake a jere kamar 'yan uwa a ɗaki ɗaya. Tsohon ya ce da suka isa gindinsa sallama ta yi wa itacen. Ta ce ƙarya yake, shi ne ya cire hula. Daga shekarar nan duk bayan girbi yana zuwa Ƙonni ya yi kwanaki a zaurenmu, suna cin goro suna musu, har Allah ya ɗauke shi, ita ma ba ta daɗe ba ta bi shi.

Yanzu mutum yana cikin bas, mota ta riga ta tashi, sannan yake tura wa dangi saƙon murya a waya cewa a yafe masa. Ni ma na sha yin haka, ba na zargin kowa. Kumasi kuwa har yau ban je ba. 'Ya'yana sun ce bana za su kai ni, har sun fara nuna mini hotunan wuraren a waya, suna raba mini makon kamar yadda Baba ya yi da tsinke. Na ce musu na yarda, amma su ba ni lokaci kafin ranar, akwai gidajen da zan bi da ƙafata. Tasar tana nan a ɗakina, da lotsawarta. Na goge ta da toka jiya.