Ni da Sadiku a Jikin Kifaffen Jirgi

Wata Asabar ce da hantsi, a ƙarshen rani na shekarar da na shiga aji ɗaya na sakandare, Abba ya ajiye motarsa a ƙarƙashin wata darbejiya a bakin tafkin Jabi, ya ce mu fito. Ni da ƙanena Sadiku muka sauko muna kare ido saboda hasken da ke tashi daga ruwan. Can a tsakiya wasu ƙananan jirage ne ke yawo, kowanne bai fi gadon kwana tsawo ba, da dogon farin ƙyalle a tsaye a kansa, ba inji, ba mai tura gora, iska kaɗai ke kai su. Ban san lokacin da na ruga ba. Ina gab da taka dandamalin katakon da ake ɗaure jiragen sai ƙarar usur ta daki kunnena. Wani dattijo gajere mai faɗin ƙirji ya nufo ni yana nuna ni da yatsa, ya ce, "Kai yarinya, ina za ka? Nan ba a taka katako sai da riga." Wannan shi ne Oga Yohanna, tsohon sojan ruwa, mutumin Filato, wanda ke koyar da yara tuƙi a ƙaramin kulob ɗin da ke wurin. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinsa, kuma ban taɓa jin wanda ya yi ƙarfin halin gyara masa ba.

A lokacin muna zaune a gidajen ma'aikata da ke Kado. Abba yana aiki a wata ma'aikatar tarayya, yana fita da safe cikin kaftani mai guga, ya dawo da jarida a hammata da sabuwar wayar salularsa da ba mai taɓa ta sai shi. Abuja kuwa tana ta tsiro ta ko'ina. Inda ka bari gonar masara a farkon zangon karatu, kafin hutu za ka tarar an kafa ginshiƙai. Mu dai rayuwarmu ba ta wuce makaranta, Islamiyya da aikin gida ba. Ni ke da shara da wanke-wanke, Sadiku ke da wankin mota da ba wa alayyahun Umma ruwa a bayan gida. Da la'asar mu yi 'yar gala-gala da langa a kan kwalta tare da 'ya'yan maƙwabta, Yarbawa da Ibo da Tibi, muna cakuɗa Hausa da Turanci yadda muka ga dama, har sai matan Fulani masu tallan nono sun wuce za su koma rugarsu, alamar magariba ta kusa.

Tun farko wani abokin aikin Abba ne ya kai shi kulob ɗin, Abba ya dawo gida yana ta ba da labari. Da ya gama, Umma ta ce ita ba da 'ya'yanta ba. Tana da dalili. Tana ƙarama a ƙauyensu, wanta ya shiga kududdufi da damina bai fito da rai ba, kuma tun daga nan ko gada za mu haye a mota sai ta rufe ido tana salati. Abba ya daɗe yana lallashi. Abin da ya ce da ita shi ne, wanda ya iya ruwa ya fi wanda aka ɓoye wa ruwa tsira. Daga ƙarshe ta yarda, amma ta ce ƙafarta ba za ta taka wurin ba.

Na zaci ranar farko za a sa ni a jirgi. Sai da muka shafe makonni ba mu taɓa ko igiya ba. Oga Yohanna ya ce wanda bai iya iyo ba ba shi da abin yi a jirginsa, don haka a gefen da ruwa bai wuce ƙugu ba muka fara, muna shan ruwa ta hanci muna tari. Bayan nan aka zo kan rigar kariya, wata riga mai kumfa a ciki, ruwan lemo, da ke hana mutum nutsewa. Ba sakawa kawai ake yi ba. Sai ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga ka sama, in ta zame ta kai maka kunne, ka koma ka ɗaure da kyau. Kowace riga da usur ɗinta a ɗaure. Ni kuma sai aka samu matsala da hijabina. Ya dube shi yana kaɗawa a iska ya ce igiya za ta kama shi, ba zai bar ni in shiga da shi ba. Na koma gida ina kuka, don na san Umma ta samu hujja. Ga mamakina, sai ta zauna a kan kekenta ta ɗinka mini wani ƙarami mai kama kai da wuya, wanda ake cusa bakinsa cikin riga. Ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "In dai za a yi abu, a yi shi daidai."

Sauran dokokin da baki muka haddace su, muna tsaye a layi kowace Asabar kafin a kwance jirgi ko ɗaya. Ba a fita mutum ɗaya. Ba a miƙewa tsaye a cikin jirgi. In za a juya, mai tuƙi ya yi magana, kowa ya sunkuya, don sandar ƙarfen da ke ƙasan ƙyallen tana iya fasa kai. A riƙa duban sama, a riƙa duban tutar da ke bakin gaɓa, in ta koma ja kowa ya nufo gida ko da yanzu ya fita. Wadda ya fi nanatawa kuwa ita ce ta kifewa. "In jirgi ya kife, nemi ɗan'uwanka tukuna. Ka gan shi, ka kama jirgi, ka busa usur. Kada ka bar jirgi. Ni ina ganin jirgi daga nesa, ba na ganin kan mutum." Bai tsaya a faɗa ba. Yakan kai mu inda ruwa ya fi ƙarfin tsayinmu, ya sa ƙafa ya kifar da jirgin da gangan, ya koma gefe yana kallon abin da za mu yi. Mun tsani wannan darasi, musamman Sadiku, wanda ya fi ni iya iyo kuma yake ganin riƙe jirgi aikin matsorata ne.

Amma ranar da aka fara barinmu mu biyu, ni a kan sandar tuƙi, Sadiku a gaba, na gane abin da ya sa Abba ya nace. Ka ja igiya kaɗan, ƙyallen ya cika, jirgin ya ɗan karkata ya fara tsaga ruwa ba ƙara sai ɗan motsin ruwan a gefensa. Daga tsakiyar tafki ana hango duwatsun Abuja da injinan ɗaga kaya a kan sababbin gine-gine, a ɗaya gaɓar kuma shanun Fulani na shan ruwa, wani makiyayi ya rataya sanda a kafaɗa yana kallonmu. Yarinyar da a gida ba a aikenta ko bakin titi ita kaɗai, ga ta tana juya jirgi da hannunta.

Da damina ta kama aka shirya 'yar gasa ta yara, aka ce iyaye su zo. Ban san yadda Abba ya yi ba, sai ga Umma a mota da lulluɓinta da carbi. Ta zauna a can nesa da ruwa, a kan kujerar roba. Mun fita sama tas, rana na dukan ruwa. Mun zagaya alamar da ke can ƙarshen tafkin ke nan, muna na biyu, sai na ji iskar ta canza, ta yi sanyi. Na waiga gabas na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, irin na Abuja da ba ya ba da sanarwa. Tuta ta riga ta koma ja. Sadiku ya ce mu ƙarasa, saura kaɗan mu wuce na gaba. Na ce a'a, na juya kan jirgin zuwa gida. Ba mu yi nisa ba wata iska ta buge mu daga gefe. Na saki igiya kamar yadda aka koya mana, amma iskar ta riga ta yi mana yawa. Jirgin ya tashi ta gefe ɗaya, na ga ruwa ya taso mini, sai sanyi da duhu.

Rigar ta dawo da ni sama. Jirgin na kwance a gefensa, ƙyallen ya baje a kan ruwa, ruwan sama ya fara sauka kamar ana watsa tsakuwa. Ban ga Sadiku ba. Na kira sunansa, iska ta kwashe muryar. Sai na ga ƙyallen yana motsi daga ƙasa, wani abu na tura shi. Na bi gefen jirgin da hannu ɗaya, na kama bakin ƙyallen na ɗaga iya ƙarfina, na cafko madaurin rigarsa na jawo shi. Ya fito yana tari, idanunsa sun firfito. Da ya samu numfashi ya dubi gaɓar da shanu ke shan ruwa, wadda a ido kamar ka miƙa hannu ka taɓa, ya ce, "Yaya, sake ni, zan iya kaiwa." Ya fara fizgewa da gaske. Ni kaina gaɓar ta ja hankalina, don jirgin na ta dukanmu, ruwa na shiga mana baki. Na naɗe madaurin rigarsa a hannuna, na ce masa ko zai cije ni ba zan sake shi ba, ya kama jirgi. Ya zage ni, ya yi kuka, sannan ya kama. Na sa usur a baki na yi ta busawa.

Jirgin ceto mai inji bai zo wurinmu da wuri ba, don ba mu kaɗai muka kife ba, kuma ya fara da waɗanda suka fi mu ƙanƙanta. Ruwan saman ya yi ƙarfin da gaɓar da Sadiku ya so ya nufa ta ɓace mana gaba ɗaya, ba ka ganin komai sai fari. Hannuna ya mutu, haƙorana na kaɗawa, ina busa ina karanta duk addu'ar da na sani a zuci. Can sai muka ji inji, sai ga Oga Yohanna a gaban jirgin ceton, ruwa na zuba daga hularsa. Ya ɗaga Sadiku da hannu ɗaya, sannan ni. Ya duba kanmu ko akwai rauni, ya lulluɓa mana bargo, aka juyo da mu gaɓa.

A bakin dandamali na ga abin da ban taɓa zato ba. Umma ce tsaye a ƙarshen katakon, ruwa na dukanta, an saka mata rigar kariya a kan lulluɓinta, don ko a wannan hali sai da aka sa ta saka kafin ta taka. Ta rungume mu tana shafa kawunanmu. Oga Yohanna ya tsaya a gabanta ya cire hula, ya ce, "Hajiya, wannan yarinya naka ya yi komai daidai. Da yaron ya bar jirgi, da ban gan shi ba cikin ruwan nan." Ban taɓa jin ya yabi kowa ba kafin ranar. Na sunkuyar da kai, amma ji nake kamar na ƙara tsawo.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Na riga na sallama cewa mun yi ban kwana da tafki. Da muka zo kasuwar kifi ta Kado Umma ta ce Abba ya tsaya, ta sayi tarwaɗa manya, ta yi mana farfesu mai yaji don sanyi ya fita. Muna ci ta dubi Abba ta ce da akwai wanda ya koya wa wanta abin da aka koya mana, da wataƙila yanzu yana da jikoki. Asabar ta gaba ita ta tashe mu. Ni kuma daga ranar Oga Yohanna ya ɗora ni a kan duba rigunan sababbin yara, ina kama kafaɗunsu ina ɗagawa, ina mayar da wanda bai ɗaure da kyau ba, har da waɗanda suka girme ni.

Kulob ɗin bai daɗe ba bayan na tafi jami'a. Oga Yohanna ya koma garinsu, jiragen suka ruɓe a ƙarƙashin rumfa, aka kewaye filin da kwano. Yanzu in na kai 'ya'yana bakin tafkin, manyan kantuna ne da kiɗa da jirage masu inji da ke zagayawa da mutane a guje, kowa na ɗaukar kansa hoto, rigar kariya a buɗe tana lilo a kafaɗa. Shanun ma ba sa zuwa. Nakan tsaya in ji ta ina iska ke busowa, in nuna wa babbar 'yata inda hadari ke fara haɗuwa, ita kuma hankalinta na kan mai sayar da askirim. Sadiku yana Legas da iyalinsa, har yau in gardama ta haɗa mu a waya yakan yi dariya ya ce ya bar mini, ni ce mai jirgi. Ina da shekara goma sha biyu aka ba ni amanar ran mutum, kuma na dawo da shi gida.