Dashen mangwaro a gidan haya

Ina leƙa tsakar gidan na ga dashen mangwaro an kewaye shi da ƙaya.

A shekarun tamanin ne. Kuɗin gyaɗata na zuba na gina ɗaki biyu a Rogo Sabon Gari, na ba wani malamin firamare, Malam Isuhu, haya. Ba mu yi takarda ba. Ranar da ya tare, a gaban mai unguwa na ce masa, "Malam, gidanka ne," kamar yadda ake ce wa baƙo.

To a wajenmu wanda wuri ba nasa ba, ba ya dasa itace. In ya dasa, yana nufin wurin ya zama nasa. Kwana uku abinci ba ya shiga, ina ta hango kaina gaban alƙali a Ƙaraye, mai unguwa yana maimaita maganar da na faɗa da bakina.

Da na kasa daurewa na same shi, muka gaisa, na ce, "Malam, na ga an yi dashe."

Ya ce, "Eh, Alhaji. Ai kai ka ce gidana ne."

Kafin in buɗe baki, ya ci gaba.

Ya ce, "An mayar da ni Kurugu, wata mai kamawa zan tashi. Shi ne na ce kada in bar gidana ba inuwa."

Jiya jikata ta kawo mini 'ya'yan bishiyar, masu zaƙi. Amma har yau in ɗan haya ya tare, "sannu da zuwa" kawai nake iya cewa.

Masu gidan haya, ku me kuke ce musu?