Amshin da Na Ɗauko a Orozo

Na shekara goma sha ɗaya ina waƙa. Na sha yabo, na sha zagi, kuma yawancinsu sun bi ruwa. Amma akwai wani yini guda a Orozo wanda ba zai taɓa fita daga raina ba, ko da zan manta sunayen waƙoƙina gaba ɗaya.

Ni ma'aikaciyar gwamnati ce a da, a wata ma'aikata a nan Abuja. Ranar da na ajiye aikin na kama waƙa, mahaifina ya dube ni ta saman tabarau ya ce to, Allah Ya sa makirufo na biyan fansho. Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Shekara biyar ina fitar da waƙoƙi, ana saurare, ana cewa yarinyar nan tana da murya, shi ke nan. A jerin waƙoƙin da suka fi tashe da ake fitarwa duk mako, ban taɓa shiga goman farko ba. Abin da nake taƙama da shi guda ne: ni nake rubuta abina, baiti da amshi da kari. Duk wanda ya yi hira da ni a lokacin ya ji wannan, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Wata rana muka je Orozo ɗaukar bidiyo a gindin duwatsu. Da rana ta take aka tsaya hutu, na koma inuwar wani mangwaro kusa da dangar wani gida. A bayan dangar wata tsohuwa tana ɓarar gyaɗa tana rera wani abu da yarensu, a hankali, ita kaɗai. Ban ji kalma ko ɗaya ba, amma karin ya kama ni nan take. Na ciro waya na naɗa, na koma bakin aikina. Ban yi sallama ba, ban tambayi ko wace ce ba. A tunanina na lokacin, waƙar ƙauye ta kowa ce, duk wanda ya ji ya ɗauka.

A situdiyonmu da ke Durumi na ƙara wa karin sauri, na ɗora masa kalmomin soyayya, mai haɗa mana kiɗa ya zuba ganguna. Da waƙar ta fita, ni kaina na tsorata. Mako na biyu ta shiga goman farko, na huɗu ta hau ta ɗaya ta zauna. Ba bikin da za a yi ba a sa ta ba. Masu a-daidaita-sahu, masu shagon aski, har tsofaffin abokan aikina da suke ce mini na haukace, kowa amshin yake yi. Mahaifina ya kira ni ya ce ya ji direbansa yana rerawa, daga shi kuwa wannan lambar yabo ce. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba, kuma na ji daɗin kumburin.

Tana mako na uku a sama wani mutum ya zo situdiyo da hantsi, sanye da rigar aikin wata masana'anta ta Idu. Ya gaishe ni da ladabi ya ce, "Madam, wannan waƙa da ake rawa da shi, na mama na ne." Ya ce ƙanwarsa ta rasu wajen haihuwa shekara shida da suka wuce, mahaifiyarsu ce ta yi mata wannan waƙar, kuma ita kaɗai take rera ta idan abin ya taso mata. Yanzu tsohuwar ta daina zuwa kasuwar Karshi, don ko'ina ta juya ana kaɗa ta ana tsalle.

Manajana ya ja ni gefe. Shi a ganinsa abin mai sauƙi ne, a haɗa wa tsohuwa alheri mai kauri, a sa sunanta cikin marubuta, a wuce wurin. Ya tuna mini cewa saboda waƙar nan aka gayyace ni babban wasan ƙarshen shekara, kuma idan ta sauka gayyatar ma za ta bi ta. "Hajiya, muna namba wan fa. Shekara biyar muna jira." Gaskiya ya faɗa, ni ma kuma ba na son rabuwa da ita. Na ce zan je da kaina, ina da tabbacin bakina zai gyara komai, don ban saba shiga magana na fito a ƙasa ba.

Washegari ɗan nata ya raka ni. Muka same ta a tsakar gida kan kujera 'yar tsugunno, ƙaramar mace mai furfura. Na durƙusa na gaishe ta, na jero jawabin da na shirya a mota: ban sani ba, ina neman afuwa, za a sa sunanta, duniya za ta san ita ce mai karin. Ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta ce in rera mata, ba yadda nake yi a rediyo ba, yadda na ji a bakinta.

Na buɗe baki, ni da nake cika fili da murya, sai ga shi na kasa. Sau uku ina farawa a hankali, sau uku karin yana kufce mini yana komawa na rawa. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Ita kuwa ba ta yi fushi ba, kai kawai ta gyaɗa.

"Ka gani, 'yata," ta ce da irin Hausarsu. "Ni ma haka. In na fara, sai naka ya shigo. Rannan ina yi wa yarinya na, na duba, ƙafa na yana motsi."

Na taɓa jin maganganu masu zafi a sana'ar nan, amma babu wadda ta kai wannan. Na tambaye ta me take so in yi. Ta ce ba ta son komai, suna kuma ba ta ga abin da zai yi mata ba. Ta ce da wannan waƙar take zama da 'yarta, yanzu kuma ta daina rerawa, don ba za ta yi wa mamaciya rawa ba. Ta sa aka kawo mini ruwa, ta tambayi lafiyar iyayena, ta yi mini addu'ar Allah Ya ƙara ɗaukaka. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tun a hanya na kira manaja na ce a sauke waƙar daga ko'ina, a kuma roƙi gidajen rediyo su daina sa ta. Ya yi ta faɗa, ya ce tsohuwar ita kanta ba ta nema ba, kuma waƙar tana cikin wayoyin mutane, ba abin da zai canza. Na ce na sani, amma ni ba zan ƙara tsayawa gaban jama'a in ce su ɗaga hannu da kukan wata ba. Gayyatar ta tafi kamar yadda ya faɗa. Mutane suka yi ta ƙirƙirar dalilai, ban tanka wa kowa ba.

Bayan shekara biyu na sake hawa ta ɗaya da waƙar da na rubuta daga farko har ƙarshe, daga baya ma na ƙara. Ban taɓa shakkar zan iya ba, kuma ban taɓa nadamar sauke waccan ba. Sai dai saukewar ni ta wanke, tsohuwar kuwa ba ta mayar mata da komai ba. Na sha tambayar ɗanta ko ta koma rerawa, amsarsa ɗaya ce, a'a, har ta rasu.

Abin da na koya shi ne, duk karin da ya daki zuciyarka a bakin wani, akwai abin da ya sa ya fito da wannan ƙarfin, kuma mai shi ne kaɗai ya san ko mene ne. Taku biyar ne tsakanina da ƙofar gidan nan a ranar farko. Da na yi sallama na ce, Mama, waƙar me kike yi, da ta mutu da abarta.