Ranar da Hajiya Memuna Ta Wanke Kwabban Mista Dominik

A duk shekarun da na yi a aikin kula da tsofaffi, ban taɓa mantawa da Larabar da aka kira ofishinmu aka ce Hajiya Memuna ta yi sata ba. Cikin azumi ne, saura 'yan kwanaki ƙaramar Sallah, kuma ban daɗe da zama kodineta ba.

Bari in yi wa sababbinku bayanin tsarin. Mai kula ita ce ke zuwa gidan tsoho, ta yi masa wanka, ta ba shi abinci, ta tuna masa magani, ta gyara inda yake zama. Nas kan leƙa lokaci-lokaci ta duba lafiyarsa. Kodineta ke raba masu kula gida-gida, kuma ita ake kira idan abu ya lalace. Idan ya yi kyau, manaja ake kira. Ƙa'ida ita ce, da zarar an ambaci sata, a dakatar da mai kula nan take har a gama bincike. In laifin ya tabbata, satifiket ya tafi, babu kuma kamfanin da zai sake ɗaukarta a garin nan.

Memuna 'yar zangon Kumasi ce, a unguwar Tremont take zaune, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu a makaranta. Kullum sai ta hau jirgin ƙasa, ta hau feri ta ƙetare ruwa, ta hau bas kafin ta kai Port Richmond, unguwar da take aiki, amma ba ta taɓa makara ba. Ciwonta ɗaya, tsafta. Idan ta zo ofis karɓar safar hannu, kafin ta fita ta goge mini tebur, ta kuma yi wa kofin shayina kallon da ke sa in tura shi cikin durowa.

Wanda take kula da shi, Mista Dominik, tsohon makanikin bas ne. Shanyewar ɓarin jiki ta cinye masa magana, sai kalma ɗai-ɗai, kuma ba ya karɓar abinci sai daga hannun Memuna. Tun yana saurayi yake yawon bakin teku da filaye da na'urar gano ƙarfe. Sanda ce mai faifai a ƙasa, in ta wuce kan ƙarfe sai ta yi ƙara a kunne, a tona wurin. Abin da ya tara yana cikin gwangwanin biskit: kwabbai baƙaƙe, wasu koraye, wasu da ƙasa manne a jikinsu. Duk yamma yakan zube su a tire, ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya faɗi sunan wurin da ya tono shi. Sunayen jikokinsa sun ɓace masa, amma waɗannan suna nan.

'Yarsa Anjela ce ta kira. Ta kai shi asibiti da safe, da suka dawo ya buɗe gwangwanin, ya ture shi, ya ce ba nasa ba ne, ya hau kuka. Ta leƙa ta ga kwabbai suna ƙyalli, sai ta ɗauka an kwashe tsofaffin an zuba wasu.

Washegari na zaunar da Memuna a ofis.

"Hajiya, an ce kin taɓa gwangwanin Baba."

"Madam, na taɓa. Amma ban ɗauki ko ɗaya ba, sam, koraa, kai ma ka san ni." Hausar Kumasi ba ta raba mace da namiji, na daɗe da sabawa da zama "kai".

"To ina kwabbansa?"

"Su ne a ciki. Wankewa na yi."

"Da me?"

"Lemun tsami da gishiri, na jiƙa su. Waɗanda suka yi taurin kai na sa musu soson ƙarfe." Ta gyara mayafinta. "Sallah ya zo, na wanke labule, na wanke firji. Sai in bar abin da mutum ke dama hannu ciki kullum, ya ci abinci da hannun? Shekara biyu ina kallonsu ina haƙuri, Madam. Da azumi a bakina ma na yi aikin."

Gaskiya raina ya ɓaci, amma ban iya yi mata faɗa ba, don na san inda ta ɗauko shi. Ni ma a Kano, Sallah na ƙaratowa mahaifiyata ke fito da tasoshin tagulla, mu zauna da toka da tsamiya har sai mun ga fuskarmu a jikinsu. A wurinmu ƙarfen da ya yi baƙi a ɗaki abin gori ne ga matar gida.

Na tafi Port Richmond na gaya wa Anjela ba sata ba ce, wanki ne. Na zaci zan ga sauƙi a fuskarta. Sai ta ce da satar ce da ya fi mata, don abin sata ana iya dawo da shi. A nan ta koya mini abin da ban sani ba. Kwabon da aka tono, ruwa mai tsabta kawai ake jiƙa shi a ciki, ya kwana, ya sake kwana. Sannan a bi shi da buroshi mai laushi da tsinken sakace, a hankali, da zarar rubutun ya fito a tsaya. Wannan kore ko baƙin da ke jikinsa fatarsa ce, shekaru suka yi ta, in an kankare ba ta dawowa. Kuma da launin mahaifinta ke gane su: baƙi na bakin teku ne, kore na ƙasar fili, mai ja-ja na lakar bayan wata tsohuwar coci. Yanzu Memuna ta mayar da su 'yan uwa ɗaya uba ɗaya.

Anjela ta janye kalmar sata, amma ta bar ƙarar lalata kaya, ta ce ba ta son sake ganin Memuna a gidan. Manaja ta ce in kawo mata matsaya ranar Litinin. Na tura wata mai kula, tsohon ya rufe bakinsa gam, shayi kawai yake kurɓa.

Tsari ya yarda kodineta ta haɗa ɓangarorin biyu a gabanta, don haka ranar Asabar na kai Memuna gidan. Ta durƙusa har ƙasa ta ba da haƙuri, Anjela ta zabura za ta ɗaga ta, ta zaci jiri ne. Tsohon bai ko kalli inda take ba. Sai Memuna ta juyo gare ni da Hausa.

"Madam, wurin da ya tono su, ƙasar ya ƙare?"

"Ba ta ƙare ba."

"To na'urar yana bayan ƙofa. Ni nake goge shi duk Juma'a."

Na isar wa Anjela saƙon, cewa a fita da shi ya tono wasu, na cire maganar gogewar. Anjela ta ce tana da takardar izini, don a da tare suke fita da mahaifinta. A garin nan ko yashi za ka tona sai da izini.

Haka muka sami kanmu a bakin teku, iska na kaɗawa. Anjela ta riƙe na'urar, ta sa wa mahaifinta abin sauraron a kunne, Memuna na tura shi a keken marasa lafiya a kan taurin yashi, ni ina biye da jakunkuna da takalmin ofis, da azumina. Mun tono murafen kwalba, mun tono ƙusa, mun tono makullin da ba mai shi. Can sai tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Anjela ta tona, ta fito da wani dunƙule baƙi ƙirin. Ba tsohon kwabo ba ne, irin na aljihun kowa ne, ko cingam ba zai saya ba. Ya karɓa, ya juya shi, ya faɗi sunan bakin tekun sarai. Sannan ya miƙa hannu ya ɗora shi a tafin Memuna.

Da idona na ga ɗayan hannunta ya kamo bakin mayafi. Ta kawo shi har dab da kwabon, za ta goge. Ni kuma ina tuna Litinin da 'ya'yanta biyu. Tsohon yana kallonta. Ta saki mayafin, ta dunƙule hannu a kan kwabon, da yashinsa da komai. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Abinci." Da muka koma gida ya cinye kwano guda daga hannunta.

Ranar Litinin Anjela ta janye ƙarar. Manaja ta ba Memuna takardar gargaɗi, ta karɓa da hannu biyu, ta goge wa manaja tebur, ta koma bakin aikinta.

Shi ya sa nake gaya wa duk sabuwar da ta zo, mu mun iya wanki, ba a fi mu ba, amma gidan da za ki shiga ba naki ba ne. In abu ba kwano ba ne, ba tufafi ba ne, ba jikin tsohon ba ne, ki tambaya kafin ki kai masa ruwa. Wani dattin mai shi ya san da shi, ajiye shi ya yi.

Mista Dominik ya rasu da sanyin da ya biyo baya, Memuna na gefensa. Da na je mata barka da Sallah a Tremont bayan haka, na ga kabad ɗinta, tasoshi na ɗaukar ido, a tsakiyarsu ga ƙaramin faranti da baƙin kwabon nan, har da yashinsa. Na kai hannu, ta riƙe ni.

"Madam, kar ka taɓa. Wannan ba a wanke shi."