Nafi'u da Ƙahon Babansa

Ina cikin jirgin ƙasa na metro da safen nan aka kira ni, wai Nafi'u ya rasu. Na ce wane Nafi'un? Kamar ina da wani.

Ya yanke jiki ya faɗi ne a siton kaya da yake aiki a unguwar Al Qusais, nan Dubai. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.



Shi ya tarbe ni lokacin da na sauka Dubai ban san kowa ba. Ya bar mini katifarsa, shi ya kwana a kan darduma, yana ta tsokanata wai minsharina ya fi injin kwantena ƙara.

Duk wanda ya zauna da Nafi'u ya san damuwarsa ɗaya ce a duniya: Babansa. Tsohon maharbi ne a ƙauyensu, da bindigar toka yake korar birai da gadu daga gonaki. Albarushin da yake ɗurawa kuwa, da guntun ƙahon akuya yake auna shi, yadda ya gada. Nafi'u kullum faɗa yake, wai albarushi mai laushi da mai tsakuwa-tsakuwa duk za su cika ƙaho, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ga hannun tsoho ya fara rawa. Ga wani maƙwabcinsu da bindiga ta fashe masa ta tafi da yatsu.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, ya ja ni kasuwar 'yan China ta International City neman ɗan ƙaramin sikeli. Ya sa mai shago ya auna sukari ya fi a ƙirga, har mutumin ya gaji ya ce khalas, wato ya isa haka. Wani sikeli ya riga ya aika gida, Baba ya ce na masu gwal ne, ya jefa ƙarƙashin gado. Wannan ne na biyu. Na ce Nafi'u ka haƙura mana, tsoho ba ya canzawa.

Ya ce, "Ni dai in koma in same shi da hannunsa biyu, in gaishe shi."

Ɗazu 'yan ɗakinmu suka ce ni zan sanar da gida. Na kira Baba. Da ya ji ni ne, bai ma bari na gama sallama ba, ya hau dariya.

"Yauwa ɗana, ka gaya wa abokinka ya kwantar da hankalinsa. Na ajiye ƙahon. Da sikelinsa nake awo yanzu. Na ɓoye masa ne sai ya zo ya gani da idonsa."

Ina riƙe da wayar, yana ta cewa halo, halo, ko layin ne.

Na faɗa masa. Ya tambaye ni ko yaron ya sha wahala. Na ce a'a Baba.

Ya Allah, Nafi'u ya rayu yana tsoron abin da zai taɓa mahaifinsa. Ka amintar da shi daga dukkan tsoro, Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ku haɗa da Baba, shi kaɗai ne ɗansa namiji.